Daren da Na Gano Alhaji a Sararin Samaniya

A kowace makarantar sakandare akwai mutum ɗaya da malamai ke gaisarwa da hannu biyu a makon farko na zango, sannan su yi ta cin namansa a ɗakin malamai har zangon ya ƙare. Shi ne mai tsara jadawalin darussa. A makarantarmu da ke Doma, ni ne wannan bawan Allah. Ni na san malamar da ba ta son darasin farko saboda daga Lafiya take tasowa, da malamin da ba a ganinsa ranar Juma'a bayan sha ɗaya, da wanda in lokacin yankan riɗi ya yi sai dai a ji labarinsa daga gona. Duk in haɗa su a takarda ɗaya ba tare da wani ya faɗa aji biyu a lokaci guda ba. Ga shi kuma labarin ƙasa nake koyarwa. Duk ɗalibin da ya ratsa hannuna, ko daga barci ka tashe shi ka ce, "Digiri ɗaya na lonjitud minti nawa ne?" zai ce huɗu, domin da bulala na dasa musu. Saboda haka in ana maganar lokaci da jadawali, ban ɗauka akwai wanda zai koya mini wani abu tsakanin nan da Rukubi ba.

Wani rubutu ne a kan Farfesa Samuel Okoye ya fara ɗebe ni. Ɗan Najeriya ne da ya yi digirinsa na uku a Kambirij ta Ingila a ƙarƙashin Antony Hewish, kuma a 1965 su biyun suka ba da rahoton wata 'yar ƙaramar majiyar igiyar rediyo a cikin hazon da ake kira Crab Nebula, wadda daga baya aka gane gawar tauraro ce mai juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa ɗaya. Okoye ya dawo Nsukka ya rayar da wannan fanni a jami'a, kuma a garin ne hukumar NASRDA take da cibiyarta ta kimiyyar samaniya. Ina cikin wannan sai na ga labarin Ghana: a Kuntunse, kusa da Akra, sun ɗauki wani tsohon kwandon sadarwa mai faɗin mita 32 suka mayar da shi na'urar sauraren samaniya, aka buɗe a watan Agusta na 2017. Na ce to, in dai tsohon kwando ne jarin wannan sana'a, ai ba a bar Doma a baya ba. A bayan gidana akwai wani tsohon dish na raga mai faɗin mita 1.8, wanda kaji suka daɗe da mayarwa wurin kwana.

Abin da ƙaramin kwando irin nawa zai iya ji shi ne haidurojin. Iskar haidurojin mai sanyi da ke cike tsakanin taurari tana fitar da wata siririyar igiya a kan megahaz 1420, tsawonta santimita 21. Wani ɗan Holan, Hendrik van de Hulst, ya yi hasashenta a 1944, Ewen da Purcell kuma suka kama ta a Harvard a watan Maris na 1951. Inda ta fi kauri shi ne cikin wannan farin zanen da ke ratsa sama a daren da babu wata, garken taurarin da duniyarmu take ciki, wanda Turawa ke kira Milky Way, ni kuma a aji nake ce masa Kogin Taurari. Na sa aka sayo mini 'yar na'urar RTL-SDR mai kama da filas da ɗan amfilifaya daga Abuja, na karɓo a tashar mota a Lafiya. Wani mai walda ya haɗa mini ƙafafu uku da suka riƙe babban gwangwanin madara a tsakiyar kwandon, bakinsa na kallon ƙasa, da 'yar wayar tagulla a ciki. Muka ɗora kwandon a kan bulo, yana kallon tsakiyar sama sak. Uwargida ta leƙo, ta duba, ta ce, "Malam, kajin fa?" Na ce mata kimiyya tana buƙatar sadaukarwa.

Kwandon da ba ya motsi sai dai ya jira sama ta kawo masa abinci har baki. Sama tana juyawa digiri 15 a sa'a ɗaya, nawa kuma faɗin ganinsa bai wuce digiri 8 ba. Ke nan Kogin Taurari zai shigo, ya yi kamar rabin sa'a, ya fice. In kana wurin, ka gani. In ba ka nan, sai gobe. Duk aikin ya dawo kan tambaya ɗaya, ƙarfe nawa, kuma a nan ne na gyara zama, domin an shigo gonata.

Na tambayi intanet da me manya ke tsara jadawalinsu, ta nuna mini SCHED. Manhaja ce da Craig Walker ya rubuta da tsohon harshen kwamfuta na Fortran a hukumar NRAO ta Amurka, domin VLBA: kwanduna 10, kowanne mita 25, warwatse daga tsibirin Hawai zuwa St. Croix, tazarar fiye da kilomita 8,000, waɗanda dole su kalli abu ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Kana rubuta mata abin da kake so a fayil, ita kuma ta lissafa ko abin ya fito a kowace tasha, ko ya yi ƙasa har dutse ya tare shi, ko ya matsi rana, da daƙiƙa nawa kowane kwando zai ci kafin ya juya daga wannan majiya zuwa waccan. Har da wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba: kwando ba ya iya ta juyawa gefe ɗaya har abada, domin wayoyin da ke cikin wuyansa za su nannaɗe, don haka wani lokaci sai ya koma ta doguwar hanya, manhajar kuma ta san da wannan ta sa shi a lissafi. Ga shi ba a zuba wa abu ɗaya ido a yi shiru. Duk bayan 'yan mintoci sai an waiwayi wata sananniyar majiya da ke kusa an daidaita awo, a dawo. In ta gama sai ta fitar da fayil na VEX da kowace tasha za ta bi. Turawan JIVE da ke Holan sun yi mata sabuwar riga da Python, suna kiranta pySCHED. Masu auna juyawar duniya da motsin nahiyoyi kuma suna da tasu, VieSched++, daga Biyana ta Ostiriya.

Gaskiya na ji wani irin zumunci da waɗannan mutane. Matsalarsu tawa ce: masu buƙata da yawa, ɗaki ɗaya, kowa da sharaɗinsa. Inda suka sha gabana shi ne sun daina yi wa mutum alkawarin ƙarfe kaza. A VLA ta New Mexico, mai kwanduna 27, kana shiga manhajarsu ta OPT ka yanka aikinka gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ka rubuta mata tsakanin wane lokaci da wane lokaci na agogon taurari za a iya fara ta, da iyakar ƙarfin iskar da za ta jure. Daga nan ka ajiye ka tafi, kamar yadda matan unguwarmu ke jera jarkoki a bakin burtsatse su koma gida. In layi ya zo kanka, yanayi kuma ya dace, a yi maka aikinka ko kana barci. A Green Bank, inda kwandon ya kai mita 100, tsarinsu na DSS yana duba hasashen yanayi ya ba kowane aiki maki: aikin da tururin ruwa ke ɓatawa a ba shi busasshen dare, wanda bai damu da hadari ba a tura shi ranar gajimare, mai aikin kuma a sanar da shi saura kwana ɗaya ko biyu. MeerKAT ta Afirka ta Kudu, mai kwanduna 64 a hamadar Karoo, ita ma da gunduwoyi take aiki. Na yi tunanin in gwada wannan a makarantarmu, in ce wa malamin lissafi zai san ajinsa ne gobe da safe gwargwadon yanayi, sai na tuna ina da iyali.

Na sauke SCHED, bayan data ta ci abin da ta ci. Ta nemi in shigar da tashata a kundin tashoshi. Na rubuta DOMA da manyan baƙaƙe, na ɗan jima ina kallon sunan. Sai ta ce saurin juyawar kwandon digiri nawa ne a minti ɗaya. Amsar gaskiya ita ce ya danganta da ko ɗan ƙanwata yana gida da kuma halin da bayana yake ciki. Ta nemi irin na'urar naɗar bayanai. Ta nemi abubuwan da ko sunansu ban iya karantawa ba. A ƙarshe na fahimci cewa na ɗauko tirela ne don kai buhu ɗaya kasuwa, na rufe ta cikin mutunci, na je na samo wata 'yar tsohuwar manhaja ta masu sha'awa, wadda ba ta tambayar komai sai abu uku: ina kake, me kake son gani, wace rana.

Ina nake? Wannan ai tambayar aji ɗaya ce. Doma tana kan kusan digiri 8.4 arewa da ikwaita, da kusan digiri 8.35 gabas da Girinwic, har nakan yi wa ɗalibai ba'a cewa garinmu ne kaɗai ba a faɗuwa jarrabawarsa, domin ko ka juya lambobin kana nan kusa da gida. Na buga 8.4, na buga 8.35. Akwai wani ɗan rubutu ƙanana a ƙarƙashin akwatin na biyu, amma mutumin da ya shekara da shekaru yana koyar da lonjitud ba ya tsayawa karanta ƙananan rubutu. Wurin da Kogin Taurari ke ratsa tsakiyar saman Doma a lokacin rani yana gabas kaɗan da jan tauraron nan Betelgeuse. Na shigar da shi, na sa wata rana a tsakiyar Fabrairu. Manhaja ta ce 21:43.

Ƙarfe tara da rabi na dare ina zaune a kan turmi, kwamfuta a cinya, ga sauran sanyin hunturu. Kuma wallahi ya zo. A kan layin da ke shimfiɗe, daidai 1420, wani ɗan tudu ya taso ya tsaya, ya jima, sannan ya fara lafawa. Haidurojin ne, daga nisan dubban shekarun tafiyar haske, ya faɗo cikin gwangwanin madara a bayan gidana. Na tashi na yi sujada a kan ƙasa. Na taso uwargida, ta zo tana murza ido, ta kalli tudun, ta ce, "Sannu da ƙoƙari," ta koma ta kwanta. Na lura tudun ya kai ƙololuwa 'yan mintoci kafin lokacin da aka ce, amma na ɗora laifin a kan mai walda.

Da a nan na tsaya, da yau ina da mutuncina. Amma washegari kafin a buga ƙararrawar tara duk ɗakin malamai sun ji, kafin azahar firinsifal ya ji, shi kuma ya ce wannan abin alfahari ne ga makaranta, dole a kira iyaye su gani. Aka sa ranar Asabar mai zuwa. Aka ce babban baƙo shi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wani Alhaji mai harkar riɗi da doya, mutum mai jiki da fara'a, wanda muke fatan zai rufa mana ɗakin gwaje-gwaje. Na buga takardar jadawali mai kan sarki: buɗewa da addu'a, jawabin firinsifal, jawabina, sai "Isowar Kogin Taurari, 9:43".

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Lafiya, ya zo hutun ƙarshen mako ya ga takardar da manhaja ta fitar. Ya ce, "Kawu, wannan UT ɗin da ke gefe fa? Ai agogon GMT ke nan. Namu sai an ƙara awa ɗaya." Ni da na tashi a gidan da rediyo ba ya mutuwa, na ji masu labarai sun raba agogon Najeriya da Nijar da agogon GMT da Ghana sau ba adadi. Na ce masa na sani, gwada shi nake yi. Ya ce, "To amma Kawu, in da kuskuren awa guda, yaya aka yi ka gani a ranar?" Na ce masa yaro bai san wuta ba sai ya taka, kuma akwai abubuwan da sai ya kai aji huɗu zai gane. Na mayar da 9:43 ta koma 10:43, na shiga Lafiya aka sake bugawa, aka yi mata laminatin. A sana'ata, jadawalin da aka yi wa laminatin ya zama doka. Ko firinsifal ba ya taɓa shi.

Sai Alhaji ya yi tafiyar ta'aziyya, aka ɗaga. Mako na gaba firinsifal yana taron bita, aka sake ɗagawa. Ranar da ta tabbata ta faɗo mako uku cif bayan daren gwajina, a farkon Maris, zafi ya fara sauka. Na ɗauki biro mai rubutu a leda na gyara kwanan wata a saman takardar. Lokacin kuwa ban taɓa shi ba, tunda an riga an gyara shi sau ɗaya, kuma gyara biyu a jadawali ɗaya alamar rauni ce.

Tun bayan isha'i aka fara jera kujerun haya a tsakar gida. Uwargida da maƙwabta suka yi zoɓo da kunun aya, aka soya doya. Na aro furojekta, muka rataya farin zanen gado a bango. Wajen ƙarfe takwas da kwata, ina tsaye a kan tebur ina faɗa da wani yaro a kan ya ja zanen ta hagu, kwamfuta tana cikin jaka, kwandon yana can baya shi kaɗai yana kallon sama. Jama'a suka taru: malamai, iyaye, ɗaliban ajin ƙarshe, limamin unguwa, da 'yan kallon da ƙamshin doya ya gayyato. Alhaji ya iso da babbar riga ruwan ƙasa, aka zaunar da shi a kujerar gaba. Aka yi addu'a. Firinsifal ya yi jawabi, ya kira ni Galileo na ƙasar Alago, ban musa ba.

Ƙarfe goma da rabi na kunna komai. Layi ya fito a kan zane, a shimfiɗe. Na ce jama'a su kashe wayoyinsu, su zuba ido daidai tsakiya. 10:40, layi a shimfiɗe. 10:43, na ɗaga hannu sama kamar mai ba da umarnin tashin tsere. Layi a shimfiɗe. 10:50, wani jariri ya fara kuka. Liman ya yi gyaran murya.

Malami ba ya rasa abin cike lokaci. Na juya na fuskanci jama'a na ce bari in ba su tarihin wannan ilimi kafin baƙonmu ya ƙaraso. Na ba su labarin Karl Jansky, injiniyan kamfanin tarho na Bell a New Jersey, wanda aka sa ya binciko abin da ke sa shuu a layukan rediyo. Ya ji wani shuu da ke zuwa kullum, ya zaci rana ce. Da ya bi shi wata da watanni, sai ya ga ba ya dawowa bayan awa 24, sai bayan awa 23 da minti 56. Wannan kuwa ita ce ranar taurari: duniya tana gama juyi ɗaya a gaban taurari kafin ta gama shi a gaban rana, domin tana tafiya a kan hanyarta ta kewaya ranar, don haka kowane tauraro yana riga jiya fitowa da kusan minti huɗu. Da wannan Jansky ya gane daga tsakiyar Kogin Taurari shuu ɗin yake zuwa, ya buga sakamakon a 1933. "Jama'a," na ce, har da buga ƙirji, "a kan minti huɗun nan aka gina wannan ilimi gaba ɗaya."

Wata yarinya 'yar ajin ƙarshe, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, in kullum yana rage minti huɗu, wannan lokacin da ke jikin takarda na wace rana ne?" Na ce mata tambayoyi sai ƙarshe.

Kafin in rufe baki sai jama'a suka ɗauki sowa. Na waiga, layin ya tashi. Ba ɗan tudu irin na daren farko ba, layin gaba ɗaya ne ya yi tsalle har ya kusa fita daga zanen gadon. Na ce, "Allahu Akbar! Ga shi nan!" Aka amsa da kabbara, mata suka rangaɗa guɗa, firinsifal ya rungume ni. Na shiga bayani da ƙarfi cewa abin da suke gani ya baro gidansu tun kafin a kafa garin Doma, tun kafin a naɗa Andoma na farko, yau ga shi ya sauka a unguwarmu. Layin ya faɗi. Na ce gajimaren haidurojin ne, yana da kauri da sirara. Ya sake tashi. Na ce kun gani, ga wani ɓangaren ya shigo. Ya ɗan karkata, ya sauka, ya hau. A raina na fara rubuta wasiƙar da zan aika Nsukka.

Ɗan ƙanwata ya ja mini hannun riga. "Kawu, juya."

Kujerar gaba babu kowa. Alhaji, da ya gaji da jiran abin da bai zo ba, ya zagaya baya don ya gane wa idonsa. Yana tsaye a kan bulo, ya rankwafa cikin kwandon har cikinsa, hularsa a hannu ɗaya, tocilan a ɗaya, ya tura kai ƙarƙashin gwangwanin madara yana leƙen abin da ke ciki. In ya ɗago, layi ya faɗi. In ya sunkuya, layi ya tashi. Duk abu mai ɗumi yana fitar da igiyar rediyo, kuma jikin ɗan Adam yana kan kusan 310 a ma'aunin zafi na kelbin, alhali saman da kwandon ke kallo ba ta wuce 'yan kelbin ƙalilan ba. A wurin gwangwanin nan, babu abin da ya kai Alhaji haske a duk sararin samaniyar Doma a wannan dare.

Ya ɗago ya ce, "Malam, ni fa ban ga komai a ciki ba sai waya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu mun gan ka."

Yaran ne suka fara fahimta. Kafin in yi wani yunƙuri sun yi layi, kowa yana zuwa ya tura hannu ƙarƙashin gwangwani ya ga kansa a bango. Liman ma ya gwada. Aka shiga gasar wanda zai fi ɗaga layi, kuma babu wanda ya kamo Alhaji, abin da ya yi masa daɗi ƙwarai. Zoɓo ya ƙare, doya ta ƙare, aka watse ana cewa taro ya yi kyau.

Lissafin gawa kuwa a bayan takardar gayyata aka yi shi, yarinyar nan da ɗan ƙanwata suna rubutu, ni ina tattara kofuna ina yi kamar ba na ji. Kwana 21 sau ɗan ƙasa da minti huɗu, an tashi da kusan minti 83. Sannan suka buɗe manhajar suka karanta ƙananan rubutun da na tsallake. Cewa ya yi lonjitud na yamma ake rubutawa kai tsaye, na gabas sai an sa masa alamar ragi, al'adar wasu tsofaffin manhajojin da aka rubuta a Amurka. Ke nan tun ranar farko na ɗauke Doma, da fadar Andoma da madatsar ruwa da gonakin riɗi, na kai ta digiri 8.35 yamma da Girinwic, can kudu maso gabashin ƙasar Gini, kusa da iyakar Kwaddibuwa. Tazarar digiri 16.7 ke nan, sau huɗu, minti 67. Wannan kuskure ya jinkirta ni da minti 67, mantuwar GMT ta gaggauta ni da minti 60, banza ta kori wofi, saura minti bakwai, su ne na ɗora wa mai walda. Da aka gyara mini guda ɗaya, sai ɗayan ya tsaya da ƙafarsa. A tara 67 da 83, awa biyu da rabi. Kogin Taurari ya ratsa kan gidana wajen takwas da kwata, lokacin da nake kan tebur ina faɗan zanen gado.

Ɗan ƙanwata, don ya sanyaya mini rai, ya ce ko manya abin yana samunsu. A Parkes ta Ostareliya an yi shekaru ana kama wasu baƙin sigina, sai a 2015 aka gano na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikata, in an buɗe ƙofarta kafin ta tsaya. Na ce masa su aƙalla ba su gayyaci liman ba. Ya nuna mini cewa da Stellarium, wadda kyauta ce, ko 'yan layuka na astroplan, da na ga lokacin kowace rana daban, kuma da taswirar ta nuna mini ina Gini. Manhajar da na yi amfani da ita ma ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba. An tambaye ta yaushe abu zai wuce a wani daji na Gini a tsakiyar Fabrairu, ta faɗa daidai. Yanzu na gane abin da ya sa mutanen VLA ba sa karɓar ƙarfe kaza daga hannun kowa sai agogon taurari: sun san irinmu.

Ɗakin gwaje-gwaje dai Alhaji ya rufa mana shi. Duk inda muka haɗu a kasuwa sai ya gabatar da ni ga abokansa a matsayin malamin da na'urarsa ta tabbatar ya fi kowa haske a Doma, ya kuma tambaya yaushe za a sake awo, domin yana jin ya ƙaru.

Na ci gaba da saurare ni kaɗai, yarinyar nan tana fitar mini da lokaci kowane mako a takardar da ba a yi wa laminatin. Kogin ya yi ta matsowa gaba, daga bayan isha'i zuwa magariba, ni kuma ina biye da shi, domin igiyar rediyo ba ruwanta da dare ko rana. Wata Asabar wajen 11 ga Afrilu na bar kwamfuta a kunne tun hantsi, da misalin sha biyu da rabi sai layi ya yi wani tashi da ban taɓa gani ba tun daren Alhaji. Na fita da gudu, babu kowa kusa da kwandon, ko kaza. Na duba jadawali, babu abin da ya kamata ya wuce. Na ƙwala wa uwargida kira ta zo ta zama shaida. Ta fito da tiren barkono a hannu, ta kalli allo, ta kalli inuwarta da ta taru a ƙarƙashin ƙafafunta, ta ɗaga kai sama ta runtse ido. A wannan makon ne rana ke bi ta tsakiyar saman Doma sak, abin da nake koyarwa a zango na biyu.

Ta ce, "Malam, duk kuɗin nan da ka kashe, rana ka gano?"

Na fara yi mata bayanin cewa rana majiyar rediyo ce mai ƙarfi, kuma ba kowa ne ya taɓa auna ta a Jihar Nasarawa ba. Ta ce ta ji, Allah ya ƙara basira. Tunda yanzu an tabbatar a kimiyyance cewa nan ne rana ta fi bugawa a gidan, daga sha ɗaya zuwa la'asar kwandon na barkono da kuɓewa ne, in kuma ina da wani aiki a tsakanin, in rubuto mata da wuri ta duba.